Ɗaure Boltin Ginin Ƙarfe da Inji: Aikin Awo Ne, Ba Na Jin Ƙara Ba

Wanda ke bi ta Idu, ko Dei-Dei, ko hanyar filin jirgin sama a 'yan shekarun nan, ya ga yadda ginin ƙarfe ke ta tashi a Abuja. Ga manyan ɗakunan ajiyar kaya, ga rumfunan gidajen mai, ga zaurukan biki da hasumiyar tankin ruwa da dogayen allunan talla. A kan kusan kowannensu za ka tarar da mutanenmu, masu walda da masu haɗi da yaransu. Yanzu kuma da wuya ka ga ana cusa wa sufana bututu ana hawa kanta kamar da, domin injin ɗaure noti mai batir ya shiga hannun kowa. Aiki ya yi sauri, baya ya huta. Sai dai wata ɗabi'a ta biyo injin: yaro ya ɗora soket, ya danna, ya ji ƙara ta sauya, sai ya ɗaga hannu ya ce, “Oga, ya ɗauru.” Ƙarar inji ba ta gaya wa kowa nawa bolti ya matse. A ƙarƙashin rufin da muke ɗaurewa mutane za su yi sallah, su yi ciniki, su sha biki, saboda haka ba wurin ƙiyasi ba ne.

Abin da ke riƙe haɗin

Idan ka murɗa noti a kan bolti mai ƙarfi, boltin yana miƙewa kaɗan, miƙewar da ido ba ya gani, yana kuma neman komawa yadda yake kamar sifirin. Wannan neman komawar shi ke matse farantan ƙarfe biyu har su kasa zamewa a kan juna. Matsin nan shi injiniya ke so. Ƙarfin murɗin da kake karantawa a jikin inji da Nm, wato ma'aunin ƙarfin murɗi, hanya ce kawai ta isa gare shi, kuma hanya ce mai yawan asara. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da ka zuba yana ƙarewa ne a gogayya: wajen rabi a ƙarƙashin noti, wajen kashi 40 a cikin zaren boltin. Kashi 10 kacal ke zama matsi.

Ƙa'idar Turai ta haɗa ginin ƙarfe, EN 1090-2, ta ajiye matsin da ake nema a kan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsinkewar bolti. Aji shi ne lambar ƙarfin bolti, lambar bayan M kaurinsa ne da milimita, kN kuma ma'aunin matsi ne. Ga boltin aji 8.8, M16 yana buƙatar kN 88, M20 kN 137, M24 kN 198. Ga aji 10.9 kuwa, M16 kN 110 ne, M20 kN 172, M24 kN 247. In kN bai zauna maka a kai ba, ɗauki kN 137 a matsayin nauyin kusan tan 14 yana danne farantan nan ta bolti guda.

Lissafin da ke haɗa murɗi da matsi gajere ne: ka ninka kaurin bolti da matsin da ake so, sannan ka ninka da wata lamba da ake kira k, wadda ke nuna santsi ko kaushin zare da noti. A nan duk rikicin yake. Sabon M20 aji 8.8 da ya fito daga masana'anta da man shafawarsa, a ce k ɗinsa 0.13 ne, zai kai kN 137 da Nm 356. Shi dai wannan boltin, in ya bushe ya zama k ɗinsa 0.20, sai ya sha Nm 548 kafin ya kai wurin. To ka ga mutum ya samo 356 a wani jadawali ya ɗaure busasshen bolti da shi: matsin da ya samu kN 89 ne, bai kai kashi biyu cikin uku ba. Wani kuma ya samo 548, sai yaronsa ya tsoma boltin a baƙin mai don ya yi saurin shiga: lissafi ya haura kN 200, inda M20 aji 8.8 ke tsinkewa. Inji ɗaya, bolti ɗaya, kuma dukansu biyu za su rantse sun bi lamba.

Kafin ka sayi komai

Ka ɗauki zanen ginin ka zauna da injiniyan da ya sa masa hannu, ka tambaye shi kai tsaye: “Ranka ya daɗe, waɗanne haɗe-haɗe ne na matsi, waɗanne ne na ɗaurin hannu?” Ba kowane bolti ke buƙatar awo ba. Da yawa daga cikin ƙananan ƙarafan da ake ɗora kwano a kansu, ɗaurin da ya haɗa fuskoki ya kuma hana noti kwancewa ya wadatar. Amma inda bim, wato ƙarfen da ke kwance a kan ginshiƙai, ya haɗu da ginshiƙi, da tsakiyar ƙoƙuwar rufi, da duk abin da ke shan girgiza ko iska ke kaɗawa gaba da baya, irin hanyar injin ɗaga kaya na cikin masana'anta ko turken allon talla, galibi a nan ake neman cikakken matsi. Ka roƙi ya rubuta maka abu huɗu: girman bolti, ajinsa, hanyar ɗauri, da lambar da za a bi. In ya faɗa da baki, ka rubuta a littafinka ka ba shi ya sa hannu. Ba rashin kunya ba ne. Injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya san sunansa ne a kan ginin, kuma zai fi natsuwa da mai haɗin da ke tambaya.

Boltin kansa

A kan kowane bolti na ƙwarai akwai lamba biyu: ajinsa da tambarin wanda ya ƙera shi. Wanda kansa ya zo a shafe, ka ɗauke shi a matsayin mai rauni, kada ya kusanci haɗin matsi. Noti ma yana da aji: mai lamba 8 na boltin 8.8 ne, mai 10 na 10.9. Noti mai rauni a kan bolti mai ƙarfi yakan cinye zarensa daga ciki, kuma wannan ta fi tsinkewa muni, domin tsinkakken bolti kowa zai gani ya canja, cinyayyen zare kuwa yana nan zaune kamar lafiya lau.

In za ka sayi na haɗin matsi, a Dei-Dei ne ko a wurin dila ko daga Legas aka turo, ka nemi saiti: bolti da noti da washa daga masana'anta guda, a kwali guda, da lambar rukuni a jiki da takardar gwaji. Na tsarin Turai suna ɗauke da alamar HR ko HV, ƙarƙashin ƙa'idar EN 14399. Na Amurka su ne A325 da A490, kuma girmansu na asali da inci ake faɗa. Kada a gauraya. Kada kuma a ɗauko bolti a wannan shago, noti a wancan, don an rage naira ashirin a kan kowanne, musamman masu rufin zinki, waɗanda ake yanka zaren notinsu da ɗan faɗi don ya dace da kaurin rufin. Na san mai gini kan matsa a kan farashi, amma kuɗin bolti a cikin kuɗin ginin ƙarfe ɗan kaɗan ne, kuma a nan ne araha ba ta ado. A babban aiki, ka ware wasu daga kowane rukuni a kai ɗakin gwaji a ja su a ga inda suke tsinkewa.

Tsawo ma abin lura ne. Bayan an gama ɗauri, aƙalla zare ɗaya cikakke ya leƙo bayan noti. Kuma kada boltin ya yi tsawon da noti zai je ya tokare inda zare ya ƙare, don a nan inji zai nuna ya kai lamba alhali farantan ba su matsu ba.

Sai ajiya, wadda a Abuja take da damuna da rani. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ke wanke man masana'anta ya bar tsatsa. Lokacin hunturu kuma ƙura ke manne wa man ta mai da shi kamar yashi a cikin zare. Kwali ya zauna a rufe cikin kwantena ko ɗaki, a kan katako, ba a ƙasa ba. A fito da na yini kawai, abin da ya rage ya koma da yamma. Kafin a hau da su sama, a gwada noti da yatsa: in bai bi zare da hannu ba, a ware shi. Kada kowa ya ƙara giris ko baƙin mai da ra'ayin kansa, domin ya canja k ke nan, duk lambar da aka ba ka ta tashi aiki.

Wane inji, don wane aiki

Impak, wato mai bugu, shi ya fi yawa a hannunmu, na batir irin su Makita, DeWalt, Milwaukee, Bosch, Ingco da Total, ko na iska mai bin kwamfireso. Yana aiki ne da guduma a cikinsa tana dukan bakin soket. Yana da sauri kuma ba ya murɗe wa mutum hannu, amma ba ya aunawa. Abin da yake bayarwa ya danganta da cajin batir, da daƙiƙa nawa ka riƙe, da tsawon sandar ƙari, da sakin da ke tsakanin soket da noti. Lambar da aka buga a kwalinsa iyakar ƙarfinsa ce a gwajin masana'anta, wani lokaci ma ta kwancewa ce ba ta ɗaurewa ba. Na iska an yi shi ne don ya samu wajen bar 6.2 (ma'aunin matsin iska ko mai) a bakinsa yana cikin aiki, kuma doguwar siririyar tiyo tana cinye wannan kafin ya iso. Wurin impak shi ne matakin farko, da juya noti zuwa alamar da aka zana. Ba a rufe ɗaurin awo da shi.

Injin awo na lantarki ko na batir, irin na Norbar da RAD, shi ba ya bugu. Yana juyawa a hankali ta cikin giya, ka saita masa lamba, ya kai ya tsaya da kansa. Yana da ƙafar tokare da ke jingina a noti na kusa ko a jikin ƙarfe. Wannan shi ne injin aikin matsi na gaskiya, kuma in sayensa ya yi nauyi, ana iya neman haya na kwanakin ɗauri. Na haidirolik, irin HYTORC da Enerpac, masu famfon da ke kai bar 700, na manyan bolti ne, irin na gada da gindin babbar hasumiya. A aikin ɗakin ajiya da wuya ka buƙace shi.

Sai sufanar awo ta hannu, mai yin ƙas idan ta kai lamba. Ko kana da duk injinan duniya, ka mallaki wannan, domin da ita ake bincike. Nm 356 a kan sanda mai tsawon mita ɗaya nauyin kilo 36 ne kawai, mutum ɗaya zai iya. Ka zaɓi wadda lambar aikinka ta faɗo a tsakiyar iyakarta, don ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na iyakar ba a dogara da ita. Akwai kuma giyar ninka ƙarfi da ake sawa tsakaninta da soket, mai ninki 5 ko 25, kuma ita ba a taɓa ɗora mata impak. In sufanarka da lb-ft, ma'aunin murɗi na Amurka, aka rubuta, ka ninka da 1.356 ka samu Nm. Kuskuren ɗaukar lb-ft a matsayin Nm kaɗai ya isa ya ƙara wa bolti fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ce.

Soket ya zama baƙi mai kauri na impak, da fil da zoben robarsa. Farin nan mai ƙyalli na sufanar hannu ne, yana iya fashewa ya watsu a fuska. Ka lura kuma, M20 na gama-gari soket 30 yake ci, M24 kuma 36, amma na HR da HV kansu ya fi faɗi: M20 32 ne, M24 41. Mutane kan hau sama da soket ɗin da bai dace ba su ɓata rabin yini.

Shirya haɗin

Fuskokin da za su haɗu su kasance ba mai, ba laka, ba tartsatsin walda, ba tsinin da huda ta bari a bakin rami. A haɗin matsi, fenti ma sai wanda injiniya ya yarda da shi, don fentin mai na yau da kullum yana sa farantai su zame, kuma mai kauri yana lotsawa daga baya matsi ya ragu. Ramin M16 zuwa M24 yana fin boltin da milimita 2, daga M27 zuwa sama milimita 3. In ramuka ba su haɗu ba, a jawo su da ƙarfe mai tsini na daidaita rami, in ta ƙi a sanar da injiniya a gyara da rima, wato ƙarfen gyara faɗin rami. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne a daina faɗaɗa rami da wutar gas, a kuma daina kora bolti da guduma. Na farko yana bar wa washa ramin da ba ta da wurin zama, na biyu yana kashe zare tun kafin a fara.

Washa mai tauri tana zama a ƙarƙashin ɓangaren da ake juyawa idan 8.8 ne, a ɓangare biyu idan 10.9 ne. Gefenta mai sassaƙa ya fuskanci kan bolti. Washa mai sifirin ba ta da aiki a haɗin matsi. Noti ake juyawa, wani ya riƙe kan boltin da sufana, kuma lambar da ke jikin noti ta kalli waje don mai dubawa ya gani.

Mataki na farko

A zura duka boltin haɗin kafin a matse ko ɗaya. Sannan a bi su da impak a ƙaramin giya, ko da sufana da ƙarfin mutum ɗaya ba tare da bututu ba, har farantan su kwanta a kan juna. Ana farawa daga inda haɗin ya fi tauri, galibi tsakiya ko kusa da jikin bim, a fito zuwa gefe. In ka fara daga gefe, ka kulle kumburin faranti a tsakiya. Da ka gama zagaye ɗaya ka koma kan na farko, za ka same shi ya saki, domin maƙwabtansa sun ja farantin sun sauke masa kaya. A sake zagayawa har ya zama babu mai motsi. Ratar da ta rage a gefe kada ta wuce milimita 2. In ta wuce, a kwance a sa farantin cike gibi, kada a ce bolti zai jawo ta da ƙarfi.

A wannan lokaci ne ake duba tsayuwar ginshiƙai da ma'auni, tun ana iya gyarawa. Bayan nan, a tsarin Turai, ana kai kowane bolti kashi 75 cikin ɗari na lambar da aka bayar, da injin awo, a gama duka haɗin kafin a wuce gaba.

Mataki na biyu, hanyar lamba

Idan injiniya ya zaɓi hanyar murɗi zalla, boltin dole ya zama wanda masana'anta ta gwada ta rubuta k ɗinsa a kwali, wanda ake kira K2, injin kuma kuskurensa kada ya wuce kashi 4 cikin ɗari. A misalinmu na Nm 356, matakin farko 267 ne, na biyu kuma kashi 110 cikin ɗari, wato 392. Ƙarin goman nan na cike bambancin k ne da ake samu daga wannan bolti zuwa wancan. Ka saita, ka zaunar da ƙafar tokare a wuri mai ƙarfi, soket ya shige noti gaba ɗaya a miƙe, ka danna ka riƙe har injin ya tsaya da kansa. Da sufanar hannu kuwa, ja ɗaya a hankali ba fizga, hannu a kan mariƙi, ƙas ɗaya ka saki. Masu ƙara ƙas na biyu da na uku “don tabbatarwa” ƙari suke yi a kan lamba.

In boltin da ke hannunka ba shi da k a rubuce, lambar da ka gani a jadawalin intanet ba taka ba ce. Ko dai a gwada samfurin boltin a na'urar auna matsi, irin Skidmore-Wilhelm, a fitar da lambar da ta dace da shi a ranar, ko a koma hanya ta gaba.

Mataki na biyu, hanyar juyi da alama

Wannan ita na fi so wa yanayin aikinmu, kuma zan faɗi dalili. Da zarar farantai sun kwanta sosai, kowane juyi na noti yana miƙa bolti gwargwadon tazarar zarensa, ko da mai ko babu. Ƙura da bushewa za su sa injin ya wahala, amma ba za su canja nisan da noti ya yi tafiya ba. Ga shi kuma aikin yana barin shaida da ido ke gani.

Ka ɗauki makar fenti fara ko rawaya. Ka ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga tsakiyar bakin bolti, ya bi ta kan kusurwar noti, ya sauka a kan faranti. Alli ba ya yi, raɓa ɗaya ta share shi. Noti kusurwa shida gare shi, daga kusurwa zuwa ta kusa da ita digiri 60 ne, saboda haka ba ka buƙatar wani ma'auni. A kan farantin, ka ɗiga alama ta biyu inda layin notin zai je ya tsaya. Ka yi irin wannan alamar a bayan soket, daidai da layin noti, don kana gani yayin da inji ke juyi. Sai a juya har alamar soket ta iso ɗigon, a tsaya. Idan ka cire soket za ka ga layin ya rabu uku: na faranti yana inda yake, na bakin bolti yana daidai da shi, na noti ya matsa. In na bakin bolti ya bi noti ya tafi, to mai riƙe kai bai riƙe ba, juyin bai shiga ba.

Nawa za a juya? A tsarin Turai, bayan kashi 75 ɗin nan, ana duba kaurin duk abin da boltin ya ratsa, har da washa. In bai kai ninki biyu na kaurin bolti ba, digiri 60. Daga ninki biyu zuwa ƙasa da shida, digiri 90. Daga shida zuwa goma, digiri 120. Ga M20 ke nan, ƙasa da milimita 40 kusurwa ɗaya, daga 40 zuwa ƙasa da 120 kusurwa ɗaya da rabi, daga 120 zuwa 200 kusurwa biyu. A tsarin Amurka kuwa daga ɗaurin hannu ake tashi, kuma tsawon bolti ake dubawa: wanda bai wuce ninki huɗu na kaurinsa ba sulusin zagaye, har zuwa ninki takwas rabin zagaye, har zuwa goma sha biyu kashi biyu cikin uku. Tsari biyun mafarinsu daban ne, don haka kada a ɗauki matakin farko na wannan a haɗa da juyin wancan.

Raunin hanyar ɗaya ne: in matakin farko bai kwantar da farantai ba, juyin zai ƙare wajen rufe rata, boltin bai miƙe ba. Shi ya sa heluma ya kamata ya duba haɗin da idonsa kafin a zana alama, ba bayan an gama ba.

Akwai wasu hanyoyi biyu da za ka iya gamuwa da su a aikin manyan kamfanoni. Ɗaya washa ce mai ƙananan ƙuraje da ke lotsewa idan matsi ya kai, a auna ratar da ta rage da siririn ma'auni. Ɗayar bolti ne mai wutsiya, wanda injinsa na musamman ke riƙe wutsiyar yana juya noti har ta guntule. Mai wutsiyar nan da murɗi yake aiki, don haka in ya sha ruwa ko ƙura wutsiyar za ta guntule tun matsi bai kai ba. Shi ma sai an yi masa matakin farko.

Bincike

Buga noti da guduma a saurari ƙara yana nuna wanda ya saki sarai ne kawai, ba ya nuna matsi. A hanyar alama, mai dubawa ya bi layukan: wanda ya gaza da fiye da digiri 15 a ƙarasa shi, wanda ya zarce da fiye da digiri 30 a cire a sa sabo. A hanyar lamba, ana dawowa tsakanin awa 12 zuwa 72 bayan ɗauri, da sufanar awo da aka saita a kashi 105 cikin ɗari, wato 374 a misalinmu. Notin da ya juya fiye da digiri 15 bai ɗauru ba, a ƙara ɗaure shi, a kuma ƙara bincika sauran 'yan rukuninsa.

Boltin da aka kai cikakken matsi sannan aka kwance, ya gama aiki, shi da notinsa da washarsa. A jefa shi a wani bokiti daban a fitar da shi daga wurin, don in ya kwana kusa da sababbi, gobe zai koma sama. Ba a kuma ɗiga wa noti walda don kada ya kwance sai da izinin injiniya, domin zafi yana lalata taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta.

Kowane haɗin da aka gama a yi masa alama da launi na daban, a rubuta a littafi: lambar haɗi, rukunin bolti, injin da aka yi amfani da shi, lamba ko digiri, sunan wanda ya ɗaure, da kwanan wata. A ɗauki hoton layukan da waya kafin mai fenti ya zo ya rufe su.

Injin da mai riƙe da shi

Sufanar awo tana buƙatar a kai ta gwaji duk wata 12 ko bayan ɗauri 5,000, duk wanda ya riga, haka ƙa'idar ISO 6789 ta tanada, kuma bugun 2008 na EN 1090-2 ya nemi a riƙa duba daidaiton injin ɗauri aƙalla mako-mako ana cikin aiki. Wadda ta faɗo daga sama a ajiye ta sai an gwada. Mai ƙas a sassauta ta zuwa ƙaramar lamba kafin a mai da ita akwati, kuma ba a kwance noti da ita. Batir kada ya yini a kan kwano cikin ranar Maris, kada kuma a sa shi caji yana da zafi. In da janareta ake aiki, injin awo kada ya raba layi da injin walda, wayar ƙari kuma ta zama mai kauri.

Ƙafar tokare ita ce abin da na fi jin tsoro a duk kayan nan. Tana tafiya a hankali, shiru, da ƙarfin da ya isa ya niƙe yatsa, kuma tana juyawa ne kishiyar inda soket ke juyawa. Kafin ka danna, ka kalli inda za ta je ta jingina, ka tabbata ba hannunka ba hannun yaronka a wurin, ka ce “a kula” da ƙarfi ya amsa. Sabon yaro ya fara koyon wannan a ƙasa, a kan guntun ƙarfe, kafin ya hau. A sama kuwa, bel ɗin tsaro a maƙale, injin a ɗaure da igiya, soket da fil ɗinsa, hular kwano ga duk wanda ke ƙasa, tabarau da abin toshe kunne ga mai impak. Idan hadari ya haɗo, irin na farkon damuna mai zuwa da iska kafin ruwa, a sauko, amma kada a bar ginshiƙi ko bim a rataye da bolti biyu da aka ɗaura da yatsa. Kafin a tashi kowace rana, duk abin da aka ɗaga ya samu ɗaurin matakin farko da ƙarafan tokarensa na wucin gadi.